Babban babur a hanyoyin Bauchi da Gombe: yadda za ka kula da shi, da abin da ya dace ka sauya a jikinsa

Manyan baburan nan na doguwar tafiya, irin su Honda VFR800 da Yamaha FJR1300 da Kawasaki Z1000SX da Yamaha Tracer 900, an ƙera su ne da tunanin lafiyayyen titi da mai mai tsabta da iska mai sanyi. Mu kuwa muna hawansu a inda hazon hunturu ke cika filta da ƙura, zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ramuka, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye tsakanin Bauchi da Alkaleri. Littafin da kamfani ya rubuta wa babur ɗinka gaskiya ya faɗa, sai dai ba da hanyarmu ya yi lissafi ba. Don haka littafin shi ne mafari, amma tazarar da ya bayar tsakanin gyara da gyara sai ka rage ta da kanka. Kuma kuɗin ado, su salansa da fitilu masu launi, su jira tukuna har sai mai da birki da taya da caji sun zauna daidai.

Ranar da ya shigo hannunka

Akasarin waɗannan baburan na hannu ne, an sha hawansu a Turai ko Amurka kafin su iso ta Legas ko Kwatano. Lambar da ke kan mita ba shaida ba ce, maganar dillali ma haka. Ka ɗauka cewa ba a taɓa yi masa komai ba, ka fara lissafi daga sifili: baƙin mai da filtarsa, filtar iska, man birki, ruwan lagireto, fulogi, duk a sauya su a makon farko. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta kwanan wata da lambar mita da abin da aka yi. Bayan shekara guda littafin nan zai fi ƙwaƙwalwarka amfani.

Kafin ka biya kuɗi ka duba abu uku da mutane ke mantawa. Na farko makulli. Yawancin baburan Honda na Turai suna da tsarin HISS, injin ba ya tashi sai da makullin da ƙwaƙwalwar babur, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta sani, Yamaha kuma suna da jan makulli wanda da shi ake yi wa sabon makulli rajista. Idan makulli ɗaya tak aka ba ka ya ɓata, gyaran na iya kaiwa ga sauya ƙwaƙwalwar injin gaba ɗaya. Na biyu mita. Babur ɗin Amurka ko Ingila da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato idan ka ga 30,000 ya kusa cin kilomita 48,000. Na uku fitila. A Ingila hagu ake bi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama, don haka wasu fitilun da aka yi wa Ingila suna karkata haske zuwa idon mai zuwa. Ka tsaya gaban bango da dare ka ga inda hasken ya nufa.

Sai ka nemo littafin gyaran ainihin samfurinka da shekararsa, ana samun su a intanet. Ka tanadi sifana mai awon ɗauri, da mitar awon wuta, da ma'aunin iskar taya naka na kanka. Kayan nan uku sun fi kowace irin kwalliya daraja.

Baƙin mai

A irin waɗannan baburan, mai ɗaya ne ke wanke injin da giya da kuloci. Shi ya sa man mota bai dace da su ba. Man mota na zamani yana ɗauke da sinadaran rage gogayya, idan suka jiƙa faifan kuloci sai ya fara zamewa: ka murɗa mai a giya ta biyar, injin ya yi ihu, babur bai ƙara gudu ba. Ka juya galan ka nemi rubutun JASO MA ko JASO MA2. In babu shi, ajiye. Kauri kuma 10W-40 ne mafi yawan kamfanoni ke faɗa, a zafinmu 15W-50 ko 20W-50 ma suna aiki idan littafinka ya yarda da su. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, saboda haka ka riƙe shago ɗaya da ka yarda da shi, ka riƙa duba hatimin murfi.

Kamfanoni kan ce a sauya mai duk kilomita 10,000 zuwa 12,000. Ni a ganina, a ƙurarmu da man da muke sha, kilomita 5,000 ya isa, ko wata shida idan babur ɗin ba ya fita sosai.

Ka tayar da injin ya yi minti biyar don mai ya saki jiki, ka kashe. Ka cire robar da ke rufe ƙasan injin a hankali, domin ƙananan haƙoran da ke riƙe ta da sun karye ba sa komawa. Ka kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaye a kwano mai tsabta, sannan ka kai kwanon rana ka duba. Idan ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ko ya yi fari-fari kamar an zuba madara, akwai magana: na farko ci ne a cikin injin, na biyu ruwan lagireto ne ke shiga mai. Ka kwance filta, ka tabbata tsohuwar robarta ba ta manne a jikin injin ba, ka shafa wa robar sabuwar mai da yatsa kafin ka ɗaura. Ka sa sabuwar wosha a notin ƙasa.

A nan ne ake yawan ɓarna. Bakaniken da ya saba da Boxer da Jincheng hannunsa ya saba da ɗauri har sai noti ya yi kuka, kwanon injin babban babur kuwa alminiyam ne, zarensa ba ya jure haka. Za ka ga ya zura fayif a sifana zai danna da ƙafa. Ka ce, "Malam, don Allah a ajiye fayif ɗin, ga wannan a ɗaure da ita." Zai ce, "Alhaji, ai in bai ɗauru ba zai yi yoyo." Ka nuna masa lambar da ke littafi, ka saita sifanar, ya ja har ta ce ƙas. Bakanike mai hankali sau ɗaya ake nuna masa, kuma irinsa ake riƙewa ko da bai taɓa buɗe injin mai silinda huɗu ba.

Ka zuba abin da littafi ya ce, galibi tsakanin lita 3 zuwa 4. Ka tayar, ka jira fitilar mai ta mutu, ka kashe, ka ba shi minti uku. Ana duba gilashin mai ne babur yana tsaye cak, ba a jingine ba. A jingine gilashin ba ya faɗin gaskiya, a wasu baburan zai nuna babu mai, ka yi ta ƙarawa har ya wuce ƙima.

Iska da fetur

A yawancinsu filtar iska tana ƙarƙashin tanki, sai an ɗaga shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka riƙa duba ta duk sauyin mai. Idan ta takarda ce busasshiya, a kaɗe ta a hankali, in ta yi duhu a sauya. Wasu na Honda takarda ce mai ɗan maiƙo, su ba a hura musu iska, sauyawa kawai ake yi. Bayan ka cire filtar ka shafa yatsa a cikin akwatin ta ɓangaren injin. In ka ji gari-gari, ƙura tana wucewa, ko filtar ba ta zauna daidai ba ko robar bakinta ta mutu. Ƙurar nan ita ke cinye bawul da ringi a hankali ba tare da ka ji ƙara ba. Filtar auduga mai wankuwa da ake tallatawa da sunan ƙarin ƙarfi ba na ba da shawararta a nan. Iskar da take ƙarawa, da ƙura take zuwa.

Fetur kuma, injekta ba ta da haƙurin kafireta. Famfon mai yana cikin tanki da 'yar rariya a bakinsa, datti ko ruwa kaɗan ya isa ya toshe ta. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen man Fabrairun 2022 ya yi wa motoci a Legas da Abuja ba sa buƙatar dogon bayani. Ka sha mai a gidan man da ke da ciniki sosai, kar ka sha lokacin da tanka ke juyewa domin dattin ƙasan rijiya yana tashi. Tankin FJR1300 lita 25 ne, na VFR800 mai VTEC (tsarin Honda na buɗe ƙarin bawul in juyin injin ya yi sama) lita 22, na Z1000SX lita 19, kuma Bauchi zuwa Gombe kilomita 150 ne da 'yan kai. Wato in ka cika kafin ka fita, babu abin da zai kai ka wurin 'yan bumburutu. In ta kama dole, ka tace da kyalle mai tsabta. Kar ka saba tafiya da tanki a ƙasa, domin man da ke ciki shi ke sanyaya famfon.

Fulogi da gyaran bawul ba na kullum ba ne, amma ba a tsallake su. VFR800 ana duba bawul ɗinsa wajen kilomita 24,000, FJR1300 wajen 40,000. Aiki ne na awo da 'yan faranti ƙanana, sai injin ya huce sarai, kuma na VTEC ya fi wahala. Kar ka ba wanda zai koya a kanka. Gara ka kai shi Jos ko Kano ko Abuja wurin wanda ya taɓa yi, ka tsaya a rubuta maka awon kowane bawul a takarda.

Zafi

Ruwan rijiya ko na famfo ba ya shiga lagireto. Gishirin da ke ciki yana daskarewa ya toshe ƙananan hanyoyi, ya ci alminiyam. Ruwan sanyaya injin ake zubawa, wanda aka riga aka haɗa, ko a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. In za ka sayi tataccen ruwa wurin masu batir ka tambaya da kyau, kar a miƙo maka mai asid. Ana sauyawa duk shekara biyu. Ba a buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Ka tsaya a gida ka bar injin yana aiki kana kallon ma'aunin zafi. Da ya haura digiri 100 kaɗan ya kamata fanka ta tashi. In ba ta tashi ba, a duba fiyus da rile da na'urar jin zafi kafin ka shiga cunkoson Wunti ko Muda Lawal da rana tsaka. VFR800 na 1998 zuwa 2013 lagiretonsa a gefe suke, dama da hagu, don haka ya fi saurin ɗaukar zafi a cunkoso, da ka hau buɗaɗɗiyar hanya sai ya sauka. Haƙarƙarin lagireto kuma ana wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Injin feshin masu wankin mota yana lanƙwasa shi, yana kuma cusa ruwa cikin boris da soket. Bokiti da soso sun wadatar.

Caji

Tsohon babur ɗin Japan, musamman VFR, in ya ajiye ka a hanya galibi ba injin ba ne, wutar caji ce. Gwajin minti biyar ne. Babur a kashe tun dare, mita ta nuna bolt 12.6 zuwa 12.8 a kan batir. Ka tayar, ka kai injin wajen juyi 5,000 a minti, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da 13 ba ya caji. Sama da 15 yana dafa batir, kuma zai iya ƙona ƙwan fitila da ƙwaƙwalwa.

Sai ka bi wayoyi uku masu ruwan ɗorawa da suka fito daga koyil ɗin injin zuwa rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ka zare soket ɗin da ya haɗa su. Lafiyayye fari ne tas. Wanda ya fara mutuwa za ka ga robar ta koma ruwan ƙasa a gefen waya ɗaya, ta ɗan kumbura, ƙarfen ciki ya yi baƙi, yana warin ƙonanniyar roba. Wani lokacin sai ka ja da ƙarfi ya zo a narke. Wannan ba a naɗe shi da salatif a mayar. A yanke shi, mai riwaya ya haɗa wayoyin da dalma ko ya sa sabon soket mai kauri. In rektifayar ce ta mutu, ka nemi irin ta MOSFET, ba ta ɗaukar zafi kamar tsohuwar. Ƙaramar mitar wuta a gaban sitiyari ba ta da tsada, kuma ita za ta gaya maka caji ya tsaya tun kana Dindima, kafin batir ya ƙare a dajin da babu kowa.

Sarƙa

Sarƙar babban babur tana da ƙananan zobban roba da ke riƙe giris a cikin kowace gaɓa. Fetur yana busar da su, burushin ƙarfe yana yaga su. Kananzir da tsohon burushin haƙori da tsumma su ne kayan aikin. Ka ɗaga tayar baya, injin a kashe, ka juya da hannu. Kar ka taɓa goge sarƙa injin na aiki a cikin giya, yatsu da yawa sun tafi a haka. In ta bushe ka fesa man sarƙa ta ciki, inda take taɓa haƙora, ka goge rarar. A lokacin ƙura mai kaɗan ya fi, domin mai da yashi in suka haɗu su ke cinye sifiroket. Duk kilomita 500 ka yi, da duk ranar da ruwan sama ya dake ka.

Sassaucinta ana aunawa a tsakiyar ƙasa, tsakanin sifiroket biyu. Da yawa suna son milimita 25 zuwa 35, amma lambarka tana manne a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya, tare da bayanin ko a jingine za a auna ko a kan tsayuwa biyu. Ka juya taya ka nemo inda ta fi ɗaurewa, a nan ake saitawa. Masu gyaran acaɓa suna son sarƙa ta yi tsam, a babban babur kuwa hakan yana kashe boris ɗin giya, domin in ka zauna ko ka faɗa rami sarƙar ƙara miƙewa take yi. VFR hannu ɗaya ke riƙe tayarsa ta baya, ana saita sarƙarsa da wata sifana mai ƙugiya, ba da guduma da kurfi ba. Idan ka ja sarƙa daga bayan sifiroket ka hango rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini sun karkata, a sauya sarƙa da sifiroket biyun a tare. Mai FJR1300 ya huta da duk wannan, shaf gare shi, wato sandar ƙarfe ce ke juya tayarsa maimakon sarƙa, man giya 80W-90 kawai zai riƙa sauyawa.

Taya da birki

Mafi yawansu 120/70 ZR17 ne a gaba, 180/55 ko 190/50 a baya, iska kuma 36 a gaba, 42 a baya a ma'aunin psi. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, da naka ma'aunin, domin na mai faci ya sha faɗuwa. Sabuwar taya tana da tsada, ba musu, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In dole sai ta hannu, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida ta bushe ko da zanenta na nan, kuma a kwanar hawan Jos ko kan jiƙaƙƙen titin Agusta za ta nuna halinta. Wurin sakawa ka tsaya a kai: kibiyar gefen taya ta bi juyawar wili, a sa roba ko tsumma tsakanin ƙarfe da rim, a kula da faifan birki kar a danne shi a ƙasa. Sabuwar taya tana da santsi, ka bi ta a hankali kilomita 150 na farko. Huda a tsakiyar taya ana toshewa, ta gefe kuwa tayar ta gama.

Man birki DOT 4 ne, yana shan danshin iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Wanda ya tsufa yana tafasa a doguwar gangara, hannun birki ya tafi har ƙasa babu kamu. Kar a haɗa shi da DOT 5, kuma ɗigonsa yana cin fenti. VFR800 na 1998 zuwa 2013 da FJR na 2006 zuwa sama birkin gaba da na baya a haɗe suke, fitar musu da iska yana da tsari bi da bi, sai da littafi a buɗe. Fad ɗin birki in ya rage kamar milimita ɗaya da rabi a sauya, faifai kuma an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Ka duba ƙafafun gaba: zoben mai a jikin ƙarfe mai sheƙi na nufin sil ya fashe, kuma man yana gangarowa kan birki. Sau da yawa ƙura ce ta maƙale, goge ƙarfen bayan kowace tafiya yana ƙara wa sil kwana.

Sauye-sauyen da suka cancanci kuɗinka

Na farko kyauta ne, kuma kusan babu mai yi: saita shokozoba da nauyinka. Ka samu mutum biyu. A ɗaga bayan babur har taya ta bar ƙasa, a auna daga akasul zuwa wata alama a saman jela. Sai ka hau da kayan tafiyarka, ƙafa a kan mataki, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya sake aunawa. Bambancin ya zama milimita 30 zuwa 40. In ya fi, a ƙara ɗaurin sifirin, in bai kai ba a sassauta. Ranar da za ka ɗauki uwargida da akwatuna zuwa Yankari sai ka ƙara, in ba haka ba baya zai zauna, fitila ta kalli sama, gaba ya yi sakayau a kwana. Tsakanin cikin waɗannan baburan da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 14 ba, saboda haka masu rage tsayin babur don ƙafa ta kai ƙasa su sani salansa da kwanon mai ne za su biya a tudun farko. Gara a rage soson sirdi.

Sirdin ma ba sai ka yi odar na waje ba. Mai ɗinkin kujerun mota zai iya, in ka gaya masa abin da kake so: soso mai tauri, faffaɗa a inda kake zama, siriri ta gaba. Soso mai laushi daɗinsa na rabin awa ne, kafin ka kai Kaltungo ka fara miƙewa a kan mataki.

Sai kariya. Ragar ƙarfe a gaban lagireto, domin tsakuwa ɗaya daga tayar tirela ta isa ta huda shi. Ƙullutun kariya a gefen injin, masu hana roba da murfin injin fashewa in babur ya kwanta, kuma babur mai kilo kusan 290 irin FJR wata rana sai ya kwanta ko a yashin ƙofar gida. Ka sayi waɗanda aka yi wa samfurinka. Kar mai walda ya taɓa firam ɗin alminiyam.

Idan wuyan hannu da baya suna ciwo, ƙarin tsayin sitiyari na milimita 20 zuwa 30 yana sauya zaman gaba ɗaya. Bayan an ɗaura ka juya kan babur har ƙarshe dama da hagu injin yana aiki. In ƙarar injin ta ƙaru, wayar totur ta ja, in tiyon birki ya miƙe tsam, a gyara kafin ka fita. Gilashin gaba kuwa dogo ba kullum ya fi ba. Wani dogon yana jefa iska daidai kan hular kwano ta yi ta kaɗa maka kai, kuma a zafin Gombe gilashin da ya tare iska duka azaba ne.

Fitilun ƙari suna da amfani, don dare a hanyar Darazo ko Dukku akwai shanu da motocin da suka mutu babu alama, kodayake ni shawarata magariba ta same ka a masauki. In za a sa, wuta ta fito daga batir ta fiyus nata, ta bi ta rile wanda makulli ke kunnawa. Kar mai riwaya ya fere wayar fitilar asali ya ɗaura a kai, baburan zamani musamman BMW ƙwaƙwalwarsu tana ganin haka ta yanke layin. A saita su ƙasa don kar ka makantar da mai zuwa. Cajar waya ma ta bi makulli, in ba haka ba za ta tsotse batir cikin dare.

Akwatunan kaya: nauyi ya tafi na gefe, dama da hagu daidai wa daida. Na saman baya kilo 5 zuwa 10 ake rubuta wa yawancinsu, in ka cika shi kan babur zai fara rawa a gudu. A ƙarƙashin sirdi ko a akwati kar a rasa kayan toshe huda, ƙaramin famfon iska, fiyus, ɗaurin roba, da takardunka na babur da lasisi da inshora, don shingayen jami'an kiyaye haɗurra da na VIO ba sa ƙarewa.

Sifiroket na gaba in aka rage masa haƙori ɗaya, kusan daidai yake da ƙara uku a baya: tashi zai yi zafi, amma injin zai riƙa ihu a doguwar hanya, mai ya ƙara tafiya, a wasu baburan ma mita ta fara ƙarya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ban ga dalilin wannan ga matafiyi ba.

Salansa ita ce abin da kowa ke fara saya, ni kuma ita nake sawa a ƙarshe. Sauya tukunyar baya kaɗai ba ya cutar da injin, yana rage nauyi, ƙarfin da yake ƙarawa kuwa ba ka ji. Amma in aka cire matatar hayaƙi aka buɗe bututun duka ba a sake saita ƙwaƙwalwar injin ba, iska tana rinjayar mai, zafi ya ƙaru, babur ya riƙa harbi in ka saki totur. Ga shi awa uku da ƙara a kunne gajiya ce, ga maƙwabta da ke jin fitarka da asuba. In ka sauya, ka adana ta asali da notinta a buhu, mai saye na gaba zai tambaye ta.

Kowane sauyi ka yi shi ɗaya bayan ɗaya, ka hau ka je Dass ko Toro ka dawo kafin ka taɓa na gaba, don in wani abu ya canza ka san daga ina ne. Bayan tafiyar farko ka sake bin duk notin da aka taɓa da sifana mai awo, musamman na sitiyari da na kalifa da na akasul.